Jigon da Na Kafa a Karkace

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da makullin ɗakin karatu na garinmu, a gefen hanyar da ta tashi daga Kura ta nufi Bunkure. Ɗaki ɗaya ne tal, tsakanin firamare da injin gyaran shinkafa, kullum ƙaiƙayi na shigo mini ta taga. Akwai kantoci huɗu na littattafai, sai wani lungu da nake tara tsofaffin kayan noma na zamanin da ba a haƙa kanal na ban ruwa ba: sungumi, galma, akushi, tsohon guga na fata. Idan tsoho ya rasu, 'ya'yansa suka rasa yadda za su yi da tarkacensa, sai su kawo mini. Ni kuma ba na mayar da kowa.

Mahaifina bai taɓa taka ɗakin nan ba. Manomin tumatir da albasa ne, kuma a wurinsa duk wanda rana ta fito ba ta same shi a bakin kanal ba, zaman banza yake yi. Idan aka tambaye shi aikina sai ya ce, "Gadin takarda yake." Abin yana yi mini ciwo, ban dai taɓa faɗa masa ba.

A shekara ta goma sha ɗayan nan, da farkon noman rani, kwamitin ci gaban gari ya kira ni. Shugabansa wani Alhaji ne dillalin taki, mutum mai fara'a har sai an saɓa masa. Ya gabatar mini da wata Hajiya daga birni, wadda aikinta shi ne tsara wa ɗakunan karatu da gidajen tarihi yadda za su jawo jama'a. Ba muguwa ba ce, Allah ya sani, kuma ta san aikinta. Ta ce mu buɗe shafi a intanet, mu ɗauki hoton kowane kaya, mu riƙa sakawa sau biyu a mako da bayani mai tsabta, mu kuma ajiye rajista a bakin ƙofa don duk wanda ya shigo ya sa hannu. Da ta gama, Alhaji ya ɗora nasa sharaɗin. Idan rani ya ƙare rajista ba ta nuna ana zuwa ba, littattafai su koma firamare, ɗaki kuma ya zama sito na taki.

Na ce, "Kayan tarihin fa, ranka ya daɗe?"

Ya ce, "Ai suna cikin waya a lokacin. Me za a yi da gangar jikinsu?"

Wallahi na bi tsarin nan sau da ƙafa. Na goge akushi har yana ƙyalli, na rubuta bayani da Hausar da ko mai karanta labaru a rediyo sai ya sara mini. Masu danna alamar so suka samu, amma duk 'yan birni ne, wasu ma ba su san ta inda ake shigowa garinmu ba. Mutanenmu kuwa suna gona, ƙafa cikin laka, waya a aljihun gaba, ba abin da suke saurare sai saƙon murya a guruf ɗin manoma: yau an saki ruwa, gobe motar tumatir za ta zo. Wa zai tsaya karanta tarihin akushi? Wata biyu suka wuce, rajista ba ta cika shafi ɗaya ba, rabin sunayen ma malaman firamare ne da ke zuwa shan inuwa.

Sai wata rana da Hajiya ta zo duba aiki, ta hango wasu itatuwa a bayan ƙofa, ta tambaya. Na ce jigo ne, abin da ake ɗebo ruwa da shi daga rafi a zuba wa lambu kafin zuwan kanal da injin ban ruwa. Ta ce ai wannan ne zai ja ido, in kafa shi a harabar ɗakin in ɗauki hoto.

To ga gaskiyar da ban faɗa mata ba. Ni bayan an haƙa kanal aka haife ni, ban taɓa ganin jigo yana aiki ba. Mahaifina kuwa da shi ya yi ƙuruciyarsa, kafaɗarsa ta dama har ta fi ta hagu sauka saboda jan igiya. Tambaya ɗaya ta ishe ni. Girman kai ya hana, don na san amsar da zan fara samu. Sai na kafa ginshiƙai biyu, na gitta itace, na ɗora doguwar sandar a tsakiyarta cif kamar ma'aunin mai nama, na ɗaure dutse a gefe guda, guga a ɗaya gefen da 'yar guntuwar igiya. Na saka hoto na rubuta, "Haka kakanninmu suke ban ruwa."

Tabɗi! Ban san wanda ya jefa hoton cikin guruf ɗin manoma ba. Kafin azahar wayata ta ɗauki zafi. Wani ya ce, "Malam, kakannin wa? Namu dai ba su yi wannan haukar ba." Wani ya ce idan da haka aka yi ban ruwa, da yunwa ta gama da mu tun kafin a haifi ubana. Wata tsohuwa ta karɓi wayar jikarta ta yi mini wankin babban bargo na minti uku, ta ce dutse ake ɗaurawa ko laka, don Allah wa ya yaye ni?

Kunya ta kama ni kamar in nutse. Amma da la'asar sai ga babura a ƙofar ɗaki. Mutanen da na shekara goma sha ɗaya ina gayyata ba su zo ba, ga su sun zo da ƙafarsu su ga ɓarnata ido da ido. Suka kewaye jigon suna musu, wannan ya ce a matsar da sanda, wancan ya ce ƙarya ne, ginshiƙan ne suka yi gajarta. Daga musun jigo aka koma musun ina rafin yake kafin a daidaita gonaki, gonar wa kanal ta ratsa. Wasu suka leƙa ciki suka ga galma, wani ya rantse ta kakansa ce. Na jawo rajista na ajiye a gabansu, na nemi izini na kunna waya ina naɗar muryoyinsu. A ranar na gane mutanena. Ka kira su biki su ce suna ban ruwa, amma su ga an yi abu ba daidai ba, ko tumatir na ruɓewa sai sun zo sun gyara maka zama.

Kashegari Hajiya ta bugo. Ta ce kuskure irin wannan yana zubar da mutuncin shafi, in goge hoton, in ba da haƙuri a rubuce, in sa a gyara jigon a ɓoye sannan a ɗauki sabo. Alhaji ya zo da kansa ya sha mini toka, ya ce na mayar da gari abin dariya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan goge ba."

Ya ce, "Me ka ce?"

Na ce, "Ni aka yi wa dariya, kuma na ɗauka. Wata biyu ina saka abin da yake daidai, ko kare bai leƙo ba. Yanzu da suka zo sai in kore su?"

Na ƙi ƙememe. Ya ce tunda na fi ƙarfin kwamiti, ba sai an jira ƙarshen rani ba, ranar Juma'a in tanadi makulli. Yana fita na yi saƙon murya na jefa a guruf da kaina. Na ce ni na kafa jigon, ban iya ba, kuma ba wanda zai taɓa shi sai wanda ya taɓa jan ruwa da jigo da hannunsa. Mai wannan shaida ya zo Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Na san abin da nake yi. Duk masu musun nan suna yara suka ga jigo, ba su kafa ba. Waɗanda suka kafa sun kusa ƙarewa, kuma ɗaya daga cikinsu a gidanmu yake. Kwana uku muna cin tuwo tare bai ce mini uffan ba, alhali na ji labarin yadda ake tsokanarsa a bakin kanal, ana ce masa ya haifi mai ban ruwa da ma'auni.

Ranar Juma'a haraba ta cika. Alhaji ya iso da adaidaita sahu shaƙe da buhunan taki, ya miƙo hannu. Makullin yana aljihuna, na damƙe shi har ya yi mini shaida a tafin hannu. Na ce a jira. Ya ce a jira wa? Na juya ina duban hanya.

Sai mutane suka dare gida biyu. Babana ne yake turo kekensa, da kwano cike da laka a baya, an kwaɓa ta da ciyawa, da sabuwar igiya a kafaɗa. Bai kalle ni ba. Ya kwance dutsena ya jefar da shi gefe. Ya ja sandar baya har gindinta ya rage kamar kamu biyu, doguwar ta miƙe gaba. Ya riƙa ɗora laka a gindin curi bayan curi, yana ɗaga guga cike da ruwa yana jin nauyi, ya ƙara, ya rage. Sannan ya sa aka kawo rabin duro na ruwa, ya ja igiya ƙasa, ya saki. Guga ya taso da kansa cike fal, kamar ba nauyi. Wurin ya kaure da kabbara. Tsohuwar nan mai wankin bargo ta rangaɗa guɗa.

Alhaji ya bari hayaniya ta lafa, ya ce, "To Baba, an gyara, madalla. Sai a ba ni makulli."

Baba ya goge hannu a rigarsa ya ce, "Alhaji, lakar nan ɗanya ce. Sai ta yi mako tana shan iska, in ta tsage a cike. Da damina kuma sai an sake ta. Ni zan riƙa zuwa dubawa, kuma ba na zama kusa da taki, yana sa ni tari."

Ba wanda ya yi dariya a fili. Alhaji ya dubi Baba, ya dubi jama'a, rabinsu masu sayen takinsa ne. Ya ce wa mai adaidaita su juya.

Na kawo rajista. Baba ba ya rubutun boko, sai ya dangwala babban yatsansa da sauran laka a kai. Na ce, "Baba, akwai wurin dalilin zuwa." Ya ce, "Rubuta, na zo gyara ɓarnar ɗana." Na rubuta haka, harafi bai canza ba. Sannan ya leƙa cikin ɗakin a karo na farko, ya daɗe yana kallon sungumin da ke jingine, ya ce in kawo masa kujera.

Damina uku ya sake lakar nan da hannunsa, ina tsugune a gefe yana ce mini ba haka ba. Ta huɗu ni na sake ta ni kaɗai. Hoton karkataccen jigon yana nan a shafi har yau, duk wanda ya gaji Hajiya sai ya ce in goge, ni kuma in ce a'a. Makullin yana aljihuna, kujerar tana inda ya bar ta.