Mai Labule da Tagar Ɗakin Matata

Ranar da likita ya sallame mu ya ce mu koma gida mu ci gaba da addu'a, ranar ce haske ya zama abokin gaban matata. Ciwon da ke kanta ya kai inda ko ɗan tsirkiyar rana ya taɓa idonta sai ta dafe kai tana nishi. Na kafe barguna da ƙusa a tagar ɗakinmu. Nishin ya ragu, amma sai ta riƙa cewa daga cikin duhun, "Malam, ka rufe ni tun ban tafi ba."

Yayanta ya zo dubiya, ya yi tuntuɓe da kujera, ya ja ni waje. "Ɗaki ne wannan ko kabari? Jibi zan zo da mota, asibiti za ta koma." Mutum ne da dangi ba sa yi wa musu. Ita kuwa abu ɗaya ta roƙe ni, kada in bari ta ƙare a gadon asibiti.

A bakin layinmu akwai wani dattijo, kowa Mai Labule yake ce masa. Da sassafe yake buɗe shago, ya share, ya ɗiga wa keken ɗinki mai, ya rataya tef a wuya. Rabin shagon yadi ne, rabi kuma makarin taga na siraran katakai da ake juyawa da sanda. Ba shi da yawan magana, bakinsa kullum cike yake da fil. Maƙwabciyarmu ta shaida ya ƙi rataya mata yadi kusa da murhu duk da ta yi fushi. Masu ƙananan yara sun san ba ya barin igiya tana lilo inda wuyan yaro zai kai. A yau da nake ba da wannan labari, gwiwa ta hana shi hawa tsani, zai rufe shagon, kuma babu wanda zai kira taro a kansa. Na karanta tarihin manyan mutane da yawa, akasarinsu ba su taɓa sauƙaƙa wa kowa ciwon kai ba.

Da na kai shi ɗakin, ita ya tambaya, ba ni ba. "Uwar gida, me kike so ki gani?"

"Bishiyar waje," in ji ta. "Da fuskar wannan mutumin, ko da yake ba wani abin kallo ba ne."

Ya ce katako shi kaɗai yanka haske yake yi kamar wuƙa, yadi shi kaɗai kuma ko ya kashe hasken ko ya sake shi gaba ɗaya. Zai haɗa su. Katakai a cikin firam ɗin tagar, a karkace su jefa haske sama. A gabansu yadi shara-shara ya tausasa abin da ya shigo. Sannan mai kauri a gefe da gefe, ya toshe inda rana ke silalowa, a ja shi in ta take.

Ranar da yayanta zai zo Mai Labule ya kawo kayan. Ya jingina falanki a tagar ta waje don tare rana kafin ya cire bargunan, muka rufe mata fuska da jiƙaƙƙen tawul. Yana kunna injin huda bango ta dunƙule ta yi wata ƙara da har yau ban manta ba. Ya kashe injin, ya mayar da shi jaka.

Mai Labule, kai ne ka tsaya a kan tsani kana murza kowace ƙusa da hannu, a hankali, kamar mai tsoron ta da jariri. Na ga tafinka ya yi bororo ya fashe. Na ce ka yi sauri, ka ce, "Malam, riƙe min tsanin kawai."

Bai gama rataya mai kaurin ba muka ji hon ɗin mota a ƙofar gida. Yayan ya shigo, ya dubi yadi a ƙasa. "Tana wannan hali, ku ado kuke yi? Ɗauko mata mayafi."

Mai Labule ya saƙala ƙugiya ta ƙarshe, ya fita ya janye falankin, ya dawo. Ashe ya ƙara wa sandar juyawa tsawo har ta kai bakin gado. Ya sa mata ita a hannu, na ɗaga tawul ɗin. Ta murza kaɗan. Haske ya hau silin, ya sauko a tausashe. Duk muka tsaya muna jiran nishin.

Ta daɗe tana kallonmu, sannan ta ce, "Yaya, ka ƙara ƙiba."

Yayan ya fita ya sallami direba, ya dawo ya zauna a bakin gadonta.

Na gode, dattijon arziki, mai hannu a hankali. Masu sana'a da ke shiga ɗakunan mutane su koyi wannan daga gare ka, su fara tambayar wanda ke kwance.

Ka zo gaisuwar ta'aziyya ka zauna can ƙarshen tabarma, ka tafi kafin in iso gare ka. Na je shagonka daga baya, ina buɗe baki ka ce, "Sandar ce ta karye?" Na ce a'a, na juya. Ga abin da na je faɗa maka. Da hantsi ta rasu, a ɗakinta, kuma ita da hannunta ta buɗe katakan.