Lanƙwasar da Baffa Yake Kwance

Wata Juma'a bayan la'asar, a shekarar da na shiga aji huɗu, Baba ya tsuguna a tsakar gidanmu na unguwar Nuzla, can ƙasar Larabawa, yana jera tsakuwa a ƙasa. Dako yake yi a tashar jiragen ruwa, Juma'a ce kaɗai ranar hutunsa, kuma a wannan jerin tsakuwa yake ƙarar da ita. Hanya yake zanawa, wadda suka fasa a kan dutsen garinsu a Nijar lokacin yunwa, sa'ad da masu agaji suka ce duk wanda ya fito da diga zai koma gida da kwanon dawa. Lanƙwasa goma sha ɗaya gare ta, kowace da sunan wanda ya faɗi a wurin. Inda mutum ya cika nan ake binne shi, don babu mai ƙarfin saukowa da gawa. Ƙanensa, Baffa Ilu, yana cikinsu.

"Riƙe su a kanka, Sani," yake cewa, "babu alama a kan kabarin nan, sai ni da kai."

Ni kuwa hankalina yana lungu, inda yara ke buga ƙwallo ba takalmi. Na riga na ɗebo ruwa daga tanka, na share ƙofar gida, gani nake na gama aikina. Yana faɗa da Hausa, ina amsawa da Larabci, "Halas," wato "shi ke nan, Baba, na riƙe." Kunyar labarin nake ji. A makaranta ba na son a san ubana ya taɓa fasa dutse don cikinsa. Sau da yawa na kwashe tsakuwar na yi harbin tantabaru da ita, yana kallo, bai taɓa ɗaga murya ba.

Baba ya rasu shekara tara ke nan. Bara sai ga waya daga Hadiza, 'yar Baffa Ilu, wadda aka bari a goye lokacin aikin. Ta ce za a faɗaɗa hanyar da manyan motoci, kuma an yarda a kauce wa duk kabarin da dangi suka nuna. "Yaya, a wace lanƙwasa yake?" Sunaye uku kawai suka rage a kaina, su ma ban san jerinsu ba. Tsofaffin da suka yi aikin duk sun tafi. Maimakon in ce ban sani ba, sai na ji bakina ya ce, "Ta bakwai."

Ta hau dutsen da 'ya'yanta, suka kewaye wurin da duwatsu, aka kauce masa. Ta turo mini hoto tana ta sa mini albarka. Sauran lanƙwasar goma an bi ta kansu.

A da ina da mai faɗa mini ban saurara ba, yau babu wanda zan tambaya. Hadiza tana zuwa can duk Juma'a ta yi addu'a, ni kuma har yanzu na kasa kiranta. Allah Ya san inda Baffa yake, Ya kuma san abin da na faɗa.