Jan Kallabi a Kan Danga

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Alhamis, 12 ga Maris 1987, cikin watan Rajab, yayata Barakatu ta rasu a gidan mahaifinmu da ke Malanville, bayan zazzaɓin 'yan kwanaki. Ranar kasuwa ce. Ina rumfata ina kasa albasa aka zo aka ce in tashi, ban kuwa iske ta da rai ba. Mata biyu na tarar a kanta, Jariatu mai nono da Diza mai bandar kifi. Su suka rufe mata ido. Ni da muka fito ciki ɗaya da ita, ni aka aika wa.

Yaya, da wannan na fara domin kin san ba na iya barin magana a ciki. Na yi kukanki har muryata ta dushe, ina kuma yi miki addu'a a kowace salla, amma kishin nan da kika sha yi mini dariya a kansa bai bi ki kabari ba. Yana nan tare da ni.

Tun kina budurwa ciwon mara ya kama ki. Duk wata idan al'adarki ta zo sai ki naɗe a ƙuryar ɗaki kamar tabarma, kina amai, gumi na zuba, ko ruwa ba kya iya haɗiyewa. Iya ta ce aure zai warkar da shi. Kika yi aure sau biyu, kika dawo gida sau biyu, ba goyo, ciwon kuma yana nan. Aka ce iskar kogi ce ta zauna miki a ciki. An yi hayaƙi, an sha rubutu, an ƙetare gada da ke zuwa Gaya wurin masu magani, duk a banza.

Sai a shekarun da soja suka ce kowa ya kira kowa kamarad, wato abokin gwagwarmaya, wanmu Issufu ya ɗauke ki a babbar motar da yake tuƙawa zuwa Parakou, daga nan kuka hau jirgin ƙasa zuwa Kwatano. Can aka yi miki aiki, likita ya faɗi sunan abin: andometiriyos. Ya ce wani nama ne irin na cikin mahaifa yake tsirowa a wajenta, yana zubar da jini duk wata, jinin kuma ba shi da ƙofar fita. Ya ba ki ƙwayar rage zafi, ya ce ba shi da maganin da zai raba ki da shi ɗungum. Mu muka yi jugum da muka ji. Ke kuwa kika sauko daga mota kina dariya, kina riƙe da ɗinkin cikinki.

"Ashe ba iska ba ta," in ji ki. "Nama na, ya ɓata hanya."

Daga ranar kika daina ɓuya. Kika koyi soya yashin bakin kogi a kasko, ki zuba shi a 'yar jakar da kika ɗinka da tsohon zane, ki ɗora a mara. Kika gane irin abincin da cikinki ke ƙi idan kwanakin sun matso. Kika kuma samu ido, wanda ni har yau ban samu ba. Daga tafiyar mace kike gane ta.

Haka kika tsinto Jariatu, Bafulatanar da ke kawo nono daga wajen Guéné. Kin gan ta durƙushe bayan ƙwaryarta, ta cije leɓe, masu saye na tsaye tana kasa ɗaga ludayi. Kika kai ta ɗakinki, kika kwantar da ita, kika dawo kika zauna kina sayar mata da nonon da wani gurgun Fulatanci da ya sa rabin kasuwa dariya. Diza ta biyo baya daga Madécali, wadda dangin mijinta suka ce lalaci ne ke kwantar da ita. Kika hau bayan babur kika je har gidansu, kika kwance zanenki kika nuna wa uwar mijin tabon aikinki. Ba a sake kiran Diza malalaciya ba.

Sannu a hankali mata masu irin ciwonki suka cika tabarma biyu a ɗakinki. Kika ƙirƙiro musu alama: duk wadda ciwo ya kayar a ɗakinki, sai a rataya jan kallabinki a kan dangar da ke kallon hanyar kasuwa. Wadda ta gani ta san aikinta. Wata ta riƙe rumfar mai ciwo, wata ta dafa wa gidanta, wata ta ɗebo yashi. Ba wadda ta sake rasa cinikin mako saboda mararta.

Ni fa? Ni ce mai lafiya. 'Ya'ya shida na haifa, al'adata kuma tana zuwa ta wuce ban ko lura ba. Ina kawo muku fura, in ji dariyarku tun daga tsakar gida, ina ɗaga labule sai a yi tsit. Ki karɓi ƙwaryar ki ce, "Aminatu, ke Allah ya raba ki da wanga, tahi abinki." Albarka kike sa mini, na sani, amma kora nake ji. Ranar sunan autana kina tsakiyar tuƙa tuwo wata ta leƙo ta yi miki raɗa, kika miƙa mini muciya kika fita. Allah Ya gafarta mini, akwai ranar da na yi fatan ciwon nan ya kama ni ko na wata ɗaya, don in ga yadda kike zama a kan mutum.

Bara na dawo daga kasuwa na ga kallabin a kan danga. Na san ba don ke aka rataya shi ba, domin al'ada ta riga ta ɗauke miki, kin huta. Na leƙa in ga wace ce yau, sai na ga Safi, ɗiyata ta fari, kanta a cinyarki, jakar yashi a mararta. Ashe an yi watanni ana rataya mata shi ina wucewa ta ƙarƙashinsa. Ta taɓa gaya mini cikinta na ciwo, na ce kowace mace na yi, ta tashi ta yi wanke-wanke. Ba ta sake gaya mini ba. Har makarantarsu kin je kin yi bayani, aka ɗauke mata noman gonar makaranta a kwanakinta, ni ban sani ba.

Na tsaya bakin ƙofa na ce, "Ɗiyata ta fa, Yaya."

Ba ki ko ɗago kai ba. "Na sani," kika ce. "Don haka ni ka riƙon ta da kyau."

Na yi fushi da ke har azumi ya wuce. Kika ƙyale ni, kina aiko mini da kunun tsamiya kullum kamar ba abin da ya faru.

Bayan addu'ar bakwai ɗinki, ranar Litinin da hantsi, na fito shanya na ga kallabin a kan danga. Safi ce ta ja jiki ta rataya shi da kanta, ta wuce ƙofata, ta je ta kwanta a gadonki. Na so in fizge shi in jefa a murhu. Maimakon haka na ɗauki kaskonki na zuba yashi, na hura wuta har ya fara hayaƙi, na cika jakar na nufi ɗaki. A bakin ƙofa Jariatu ta riƙe mini hannu, ƙwaryarta na bisa kai.

"Mi za ki yi? Ƙone ta za ki yi?" Ta karɓi jakar, ta juye rabi, ta gauraya da yashi mai sanyi, ta kai kumatunta, sannan ta kai nawa. "In kunci ya iya, mara ta iya. Haka ta koya muna." Na zaci za ta shige ta bar ni a waje kamar kullum. Sai ta mayar mini da jakar ta matsa gefe. Diza kuwa tuni ta ɗora wa yarana tukunya.

Na zauna inda kike zama, na ɗora kan yarinyar a cinyata, na sa jakar a mararta. Idonta a rufe, hawaye na bin kunnenta. Da ɗumin ya ratsa ta sai ta saki numfashi, ta kama yatsuna ta ce, "Inna Baraka, kar ki tashi."

Kishin nan ya taso mini. Ni na yi naƙudarta, amma ke take kira. Na haɗiye, Yaya. Na ce, "Na'am, ba ni tashi." Ban kuwa tashi ba sai da la'asar ta yi.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Barakatu. Ka sa ciwon da ta ɗauka tun ƙuruciya ya zame mata kankarar zunubi. Ka yalwata kabarinta, Ka sanyaya makwancinta kamar yadda ta sanyaya wa bayinKa, Ka ba ta a Aljanna abin da ba Ka ba ta a duniya ba.

Ina yi wa Yaya Issufu da ƙanenmu Ɗan'auta ta'aziyya, da dukan dangi na nan da na Gaya. Ina yi wa Jariatu da Diza da sauran matan tabarma ta'aziyya. A zaman makoki ku aka fara yi wa gaisuwa kafin ni, na gani, na kuma ji zafi, amma ga shi na sa ku a layin dangi da hannuna. Safi kuma, Allah Ya ba ki haƙurin rashin innarki. Na wanke kallabin, yana rataye a ƙusar da ke bayan ƙofata. Idan watan ya zagayo, a nan za ki same shi, kuma duk sunan da kika kira zan amsa.