Ranar da Aka Ɗora Malam a Sikelin Mai Gas

Gidanmu a Lugbe yake, can ciki bayan an bar titin filin jirgi, inda in jirgi ya zo sauka kwanon rufi sai ya kama rawa, kaji su watse. Ni ba mai fita ba ce, kasuwa ma sai ta kama dole. Amma ina zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa, duk abin da ake ciki a unguwa sai ya iso ni. Allah bai ba ni karatu ba, amma ya ba ni kunne.

Maigidana, wanda kowa ke kira Malam duk da bai taɓa koyar da kowa komai ba, tsohon direba ne. Ya daɗe yana jan bas tsakanin Zuba da Katsina kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi. A duk rayuwarsa bai taɓa yarda mota tana cika ba. In ka ce ta cika, sai ya ce kai ne ba ka iya lodi ba.

Babbar 'yarmu kuwa matuƙin jirgi ta aura. Da farko Malam ya ɗauka irin jirgin Makka ne, har tafiyarsa ta canza. Sai ranar da aka nuna masa hoto a waya: ɗan abu mai kujera huɗu, inji ɗaya a goshi, da farfela kamar fankar ɗaki. Na wani mai gonaki ne a ƙasar Katsina, shi yaron yake kaiwa yana ɗaukowa. Malam ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Wannan ai keke napep ne aka sa wa fiffike.”

Yaron nan akwai kunya. In ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake durƙusawa, idonsa a kan takalminsa. Duk abin da Malam ya faɗa, amsarsa, “Haka ne, Baba.” Ni ma ba na zama inda yake. Amma tagar kicin ɗina tana kallon inda suke hira da matarsa, to daga nan na yi karatun jirgi. Na ji yana ce mata yawancin ƙananan jiragen da ke faɗuwa lafiyarsu ƙalau suka tashi, mutane ne suka kayar da su. Wani ya cika kaya, wani ya yi ƙwauron mai, wani kuma ya ga hadari ya haɗu baƙi ƙirin amma oga yana bayansa yana duba agogo, ya kasa ce masa a'a. Ya ce shi kullum kafin ya tashi sai ya tsiyayi man a 'yar kwalba ya ɗaga ya duba ko akwai ruwa a ciki. Na ce a raina, ashe har su ma masu man jirgi sun iya halin masu nono.

Ana nan da damina aka sa ɗaurin auren ɗan ƙanin Malam a Katsina. Ya zamana a satin ne yaron zai je ɗauko ogansa, kuma daga shi sai wasu kayan gona zai tafi da su. Ya nemi izini, aka ba shi, ya aiko matarsa ta ce in Baba yana so akwai kujera.

Malam bai kwana da maganar ba. A ƙofar masallaci ya sanar.

Kun dai san halinmu. Ba a tafiya gida hannu rabbana, kuma ba a ce wa maƙwabci ba za a kai masa saƙo ba. Washegari tun da hantsi aka fara sallama. Mai shagon bakin layi, Bakatsine, ya kawo katan biyu na tayil, wai ɗakin tsohuwarsa ake gyarawa. Ya ce, “Ɗan saƙo ne, Malam, ko a cinya ka riƙe.” Ladan ya turo injin markaɗe a baro. Maƙwabciyarmu 'yar Filato, wadda 'yarta ke bautar ƙasa a can, ta shigo da buhun doya da jarkar manja.

Ta ce, “Oga Malam, wannan doya ba shi da nauyi. Sabon doya ne, ruwa ne kawai a ciki.”

Malam yana kishingiɗe a tabarma yana cewa, “Ajiye can. Ai akwai wuri. Sama ce fa, ba rami, ba 'yan sanda.”

Kafin la'asar ba inda za ka taka a tsakar gida. Ni ma, tunda kowa ya sa, na ƙulla wa dangi ɗan garin rogo da kayan miya a bakko.

Ana gobe tafiya yaron ya zo da matarsa don su sa lokaci. Ya yi sallama, ya durƙusa, ya ɗaga ido kaɗan ya ga tulin. Malam ya ce, “Ka ga 'yan kayanmu. Ba yawa.” Ya ce, “Haka ne, Baba.” Ya sulale bayan kicin, matarsa ta bi shi, ni kuma na tuna ina da albasar yankawa.

Na ji yana cewa, “Wallahi ko rabin wannan na ɗora, ba za mu haye katangar filin jirgi ba. Zai yi ta gudu a ƙasa har titin ya ƙare. In ma ya ɗaga, injin markaɗen nan a baya zai sa hancinsa ya kalli sama, daga nan sai dai labari.”

Ta ce, “To ka faɗa masa mana.”

“Baba? Da wane bakin?”

Sai na ji ta ce, “Ni dai ba zan zama bazawara saboda doyar mutane ba. Kuma ubana ne a ciki.”

Ta shigo kicin tana share ido ta faɗa mini abin da na riga na ji. Na fita na samu Malam. Daga nan aka buɗe irin zancen da ban taɓa ganin kamarsa ba. Tsakanin Malam da surukinsa bai fi bango ɗaya ba, kowa yana jin tarin kowa, amma magana sai ta bi ta kaina, ta bi ta kan 'yata, ta isa, sannan amsa ta dawo ta hanyar da ta bi.

Na ce, “Malam, an ce kaya sun yi yawa.”

Ya ɗaga murya yadda za a ji a bayan kicin. “A ɗaure wasu a sama. Ina da igiyar roba.”

Amsa ta dawo cewa saman jirgin ai fiffike ne, da shi ake tashi.

“To a rage mai. Me za a yi da tanki cike? A sha rabi, in mun kai Zariya a ƙara.”

Amsa ta dawo cewa ba gidan mai a sama, kuma in hadari ya tare hanya sai an zagaye shi, da man ake zagayen. Inji ɗaya ne, in ya yi shiru ba gefen titi da za a gangara a jira ɗan bumburutu.

“Hadari kuma? Ba shi da waifa ne? Ni da na ratsa ruwan Giwa da fitila ɗaya!”

Aka kai, aka dawo: wannan ba a ratsa shi. Kuma da sassafe za a tashi, don in rana ta take iska ba ta da ƙarfin ɗaukar kaya. Malam ya ce shi sai ya karya kumallo ya jira mai wanki ya kawo babbar rigarsa, iska ta jira.

Sai 'yata ta zo ta raɗa mini na ƙarshen, wanda ya fi duka. Wai dole a auna komai. Har fasinja.

Na daɗe ina juya yadda zan faɗa. Daga baya na ce, “Malam, an ce kai ma sai an san nauyinka.”

Ya faɗi wani nauyi nan take. Na san nauyin nan, na lokacin da ya zo neman aurena ne. Na ce, “Malam, ni nake tuƙa tuwon nan fa.”

Aka aika wa mai gas na bakin titi, ya zo da sikelinsa a kafaɗa, masu saƙo suka biyo shi don kowa ya ga nasa. Aka ɗora tayil, mai shago ya ce sikelin nan na cuta ne. Mai gas ya ce, “Alhaji, da shi nake auna maka gas, ba ka taɓa cewa ya yi yawa ba.” Aka ɗora doyar da ruwa ne kawai a cikinta, mutum biyu suka ɗaga ta suna nishi. Bakkona ma da nake cewa ɗan ƙulli ne, ya ba ni kunya.

Sannan Malam ya hau. Ya cire hula, ya cire takalmi, ya zaro carbi da goro daga aljihu ya miƙo mini, ya shanye ciki. Mai gas ya sunkuya ya karanta da ƙarfi kamar mai shelar gwanjo. 'Yar Filato ta ce, “Kai, Oga Malam, Madam yana ƙoƙari!”

Yaron yana tsugune a gefe yana lissafi a waya. Na ga ya gama, na ga ya kalli matarsa don ta ɗauki saƙo. Ba ta motsa ba. Malam kuwa ya sauko yana cewa, “To an gani. Gobe a zuba su duka, ni zan nuna muku yadda ake lodi. Na riga na yi wa mutane alkawari.”

Yaron ya miƙe, ya zo gaban Malam, ya sake durƙusawa. Gumi har ya jiƙa masa wuyan riga. Ya ce, “Baba, ka gafarce ni. Ba zan tashi da su ba. Ko kai da 'yar jakarka, ko kaya daidai nauyinka ba kai. Duka biyun, ko za ka tsine mini, ba zan kunna inji ba.”

Tun da aka yi auren nan ban taɓa jin ya haɗa wa Malam jimla uku ba. Mai shago ya shiga duba farcensa. Ni kuma ina ta addu'a kada Malam ya ce a bar masa 'yarsa a gida.

Malam ya kalli kayan, ya kalli masu kayan da suka zuba masa ido. In ya hau jirgi ya bar saƙo, da wace fuska zai tsaya a sahu? Ya karɓi hularsa ya kafa. Ya ce, “Ni direba ne. Ba a sauke amana a ɗauki direba. A kai kayan.”

Haka aka yi. Da sassafe doya da manja da katan ɗaya na tayil suka tafi filin jirgi, aka ɗaure su da bel a kujerar Malam. Shi kuma ya kama hanyar Zuba da injin markaɗe da sauran tarkace. 'Yar mai doya ta bugo waya tana godiya tun bas ɗin su Malam bai wuce Tafa ba. Ɗaurin auren ma da ƙyar ya riski fatiha.

Ya dawo ƙafa a kumbure, ya kwana biyu ba ya yi wa kowa magana. A rana ta uku ina shafa masa man zafi a gwiwa, ya ce, “Yaron nan ba shi da kunya.”

Na ci gaba da shafa man.

Ya ce, “In ya zo ranar Juma'a, ki shimfiɗa masa tabarma a nan kusa da ni. Kuma ki sa nama da yawa.”