Ciwon Ƙaryar da Na Ɗora wa Kwamfutar Kawu

Ko da zan tsufa haƙorana su zube in koma shan kunu, akwai rana guda da ba za ta fita daga kaina ba: ranar da na ƙaƙaba wa kwamfuta ciwon ƙarya a gaban kawuna. Yanzu in na tuna dariya nake yi har da hawaye, amma a lokacin, wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

Kawun nan ƙanen mahaifiyata ne, falken shanu da hatsi a Moriki, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Da aka ba mu jiha, kowa ya tashi neman bugaggiyar takarda: mai neman aiki a Gusau, mai ɗaurin aure, mai kai ƙorafi. Kawu ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba, amma hancinsa na jin ƙanshin kasuwa tun daga nesa. Ya kama mini shago a Kaura kusa da tasha, ya zuba mini kwamfuta irin mai ƙaton ƙeyar nan, da akwatinta a ƙarƙashin tebur. Sharaɗinsa guda ne: aikin nawa ne, shagon nasa ne, ba abin da zai shiga ko ya fita sai da saninsa.

Tsakani da Allah ta yi mini bauta. Tana da nawa kam, in na kunna ta sai in je in sayo koko da ƙosai in dawo kafin ta gama miƙa, amma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Da ita nake ci, da ita nake aika wa mahaifiyata ɗan abin cefane. Haka muka yi shekaru, har aka ƙaddamar da Shari'a, har abin ya zauna.

Sai wani mutumin Shinkafi da ke shigo da kaya ta kan iyaka ya tsaya shagona da wata kwamfuta 'yar Kwatano. Ba ta da akwati, ba ta da ƙeya, komai nata yana cikin gilashin, fara tas, waya ɗaya tak. Ya kunna, kafin in ƙifta ido ta buɗe. Tun daga ranar na daina ganin tawa da gashi. In na kalle ta sai in ji haushi ya tokare ni, baiwar Allah ba ta yi mini komai ba. Na yi ta saƙa da warwara: in canza, ko in haƙura? Hankali ya ce tsohuwar na aiki, zuciya ta ce masu shagon da ke kallon nawa za su mutu da baƙin ciki in suka ga sabuwar. Zuciya ta yi nasara.

Ranar kasuwa Kawu ya shigo gari, na kai shi ya gani. Ya zagaya ta sau biyu yadda yake zagaya saniya, ya ɗaga ta ya ji nauyi, ya leƙa ƙarƙashin tebur.

"Ina cikinta?" ya ce.

Na ce ai cikin yana jikin gilashin. Ya girgiza kai ya ce, "Wagga ai talabijin ta." Lokacin ba a daɗe da rufe gidajen kallo ba, kuma Kawu ba ya son ko a mafarki a ce shagonsa ya koma wurin taron 'yan kallo. Ya tambaye ni ko tsohuwar ta gaza. Na ce a'a. Ya ce to shi bai taɓa sayar da saniya tana ba da nono ba. In ta yi ciwo a yi magana.

In ta yi ciwo! Kawu da kansa ya ba ni sandar da zan doke shi, haka na gaya wa kaina. Kafin kasuwa ta zagayo na shirya tsaf. Na yanki ɗan kwali na cusa inda fankar akwatin ke juyawa, sai ta fara gurnani kamar tsohon injin niƙa. Na sassauta wayar da ke kai hoto, na biyo da ita ta ƙarƙashin tebur daidai inda ƙafata ke zama. In na taka da babban yatsa sai fuskar ta yi kore, in na ƙara dannawa ta ɗauke ɗif. Na yini ina gwaji, ina yi ina yaba wa kaina basira.

Kawu ya zo, ya zauna a benci. Na sa fuskar tausayi na kunna. Ta yi gurnani, ta yi kore, ta suma, ta farfaɗo, ta sake suma. Da na ga abin bai girgiza shi ba sai na ƙara gishiri. Na ce tana cinye takardun mutane, na ce shekaranjiya ta haɗiye wa wani ɗalibi aikin wata guda, na ce mai gyara ya duba ya ce sai dai addu'a. Kawu ya daɗe yana kallon ƙasa, ni kuwa na ɗauka jimami yake yi. Can ya ce in kira mutumin Shinkafi kasuwa mai zuwa, a yi musaya, a ba shi tsohuwar da ciko. Ranar tuwo malmala uku na ci don murna.

Abin da na manta, kuma duk Moriki ba wanda bai sani ba, shi ne ɗabi'ar Kawu a wurin ciniki. Ba ya sayar da dabba sai ya faɗi aibinta kaf, har wanda mai saye ba zai taɓa ganowa ba. In tana harbi zai faɗa, in ta taɓa ɓari zai faɗa. Dillalai haushinsa suke ji saboda yana kashe musu kasuwa. Da Shari'a ta zo ma, tsokanarsa ake yi ana cewa a hanya ta same shi.

Mutumin Shinkafi ya iso da sabuwar a kwali, maƙwabtan shago suka taru kallo. Ni har na share mata wuri a tebur. Kawu ya gyara zama ya ce kafin a yi ciniki akwai haƙƙi a wuyansa. Sai ya fara lissafa: tana gurnani, tana sauya launi, tana suma sau biyar kafin azahar, tana cinye takardun bayin Allah, mai gyara ya sallame ta. Duk abin da na ƙirƙira bai bar ko ɗaya ba, yana faɗa yana juyowa yana cewa, "Ko ba haka kac ce ba, ɗana?" Ni kuwa ina gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Mutumin ya fara mayar da tasa cikin kwali. Ya ce Alhaji ya yi haƙuri, irin wannan ko kyauta aka ba shi ba zai ɗauka ba, don kuɗin mota ma asara ne.

Kawu ya ce gaskiyarsa. Sannan ya ce tunda haka ne, bai halatta a ci gaba da karɓar aikin mutane ana ba abin da ke cinyewa ba. Ya sa a kira mai baro ya kai ta wurin 'yan gwangwan masu sayen tsoffin ƙarafa. Shago kuma a rufe, ni in tattara in bi shi Moriki, dama yana neman mai kora masa shanu zuwa Kasuwar Daji. Ya miƙo hannu ya ce in ba shi mabuɗi.

Nan fa ido ya raina fata. Mai baro ya shigo har ya rungumi akwatin. Abincina ne a hannunsa, da na mahaifiyata, da aikin mutane da ke ciki lafiya lau. Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na zare kwalin daga fanka, na ɗaure wayar, na kunna. Ta buɗe sumul, ko tari babu. Na ce, "Kawu, lafiyarta ƙalau. Ni na yi mata ƙarya."

Wani mai shayi da ya kasa riƙe dariya ya fita da gudu. Kawu bai ɗaga murya ba.

"Shekara talatin ina sayen shanu," ya ce. "Mai saye ba fuska yaka fara kallo ba, ƙafa yaka kallo. Tun ran nan nig ga babban yatsanka shina rawa ƙarƙashin tebur."

Ashe ba jimami yake yi ba da yake kallon ƙasa. Amma abin da ya fi ƙona ni yana gaba. Ya ce tun ranar farko da ya ga idona a kan sabuwar ya je ya tambayi wani malamin makaranta a Zurmi, aka tabbatar masa ba talabijin ba ce. Har ya sayar da ɗan bijimi, ya zo da niyyar ya saya mini, in haɗa biyu, sai ya tarar ina wasa da yatsa. Ya dafa aljihunsa don in ga kuɗin na nan, sannan ya juya wurin mutumin Shinkafi ya ce a kai kasuwa. Kwana biyu bayan haka na hango sabuwar a shagon da ke kallon nawa.

Bai karɓi mabuɗin ba, kuma bai sake tayar da maganar ba. Sai dai duk ranar kasuwa in ya shigo, kafin ya amsa gaisuwata, sai ya sunkuya gaban kwamfutar, ko shagon cike yake da mutane, ya ce, "Sannu, baiwar Allah. Ya jiki? Da sauƙi dai ko?" Shekara huɗu yana gaishe ta, shekara huɗu ina sunkuyar da kai, ita kuwa ko mura ba ta yi ba.

Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Na sayi kwamfutoci bayansa har na manta adadi, amma tsohuwar tana nan a kusurwar ɗakina, an yi an yi in zubar na ƙi. Ita ke tuna mini abin da na koya a durƙushe: in kana son abu a wurin wanda ke ƙaunarka, buɗe baki ka ce kana so, don ƙarya kan kore abin da ya riga ya kamo hanyar zuwa wurinka. Wani lokaci in na wuce ta gabanta, ni ma nakan tsaya in tambaye ta ya jiki.