Kwalin Audugar da Na Saya wa Ɗiyata

Ɗiyata ta fari ta koyi iyo ne a wurin kakarta, can gefen Wasagu, inda nake tura ta hutun damina tun tana 'yar shekara bakwai. Ni kam ruwa in ya wuce gwiwata juyawa nake. Ita kuwa in ta faɗa rafi, sai dai ka hango kanta a wancan tsallaken. Mahaifinta soja ne, shekarun nan duk yana can gabas wurin aiki, sai ya yi wata shida bai leƙo Zuru ba. Ni da yara uku muke zaune a unguwar Rikoto, ina soya ƙosai da safe, ina ɗinki da rana.

Tana aji huɗu a sakandare malamar wasanninsu ta zo har gida. Ta ce za a yi gwajin 'yan mata masu iyo a Birnin Kebbi, kuma duk makarantar babu wadda ta kai ɗiyata. Kwana ɗaya za su yi su dawo. Na kira mahaifinta, layin yana ta yankewa, abin da na iya tsinta kawai shi ne, "Bar ta ta je."

Ana gobe tafiya na same ta zaune a bayan ɗaki, ta haɗa kai da gwiwa.

"Lafiya?"

"Mama, abin ya zo."

Al'adarta ce ta zo, kwana huɗu kafin lokacinta. Na ce to ai shi ke nan, sai a gaya wa malama ta nemi wata. Ba ta yi kuka mai sauti ba, hawaye ne kawai ke zuba. Can ta ce wata 'yar ajinsu ta gaya mata akwai audugar da ake sakawa ciki, mai ɗan zare, a shiga ruwa da ita ba abin da zai fito. Ni da na tashi da ƙunzugu na tsumma, sai da na yi aure na san audugar kanti ma. Wannan kuwa ban taɓa jin labarinta ba.

Na yafa gyale na tafi kemis ɗin wata Inyamura da ke kusa da kasuwa, wadda muka saba da ita tun haihuwar autana. Na tarar da maza uku a tsaye suna jiran magani. Na matsa kusa da ita na yi ƙasa da murya na kwatanta mata abin.

"Matar soja, tamfon kike nufi," in ji ta. Ta shiga ciki ta daɗe, ta fito da wani ɗan kwali mai ƙura. "Ba a cika saya ba. Babba ce ta rage, ƙaramar ta ƙare. Wa zai yi amfani da ita?"

"Yarinyata ce."

"To tsaya in gaya miki. Wannan abin yana da lokaci, ba a barin shi..."

Ɗaya daga cikin mazan ya juyo ya dube mu. Maƙwabcinmu ne, dattijo a cocinmu. Na ce, "Na gane, Madam," na tura kwalin cikin gyale na fita. Ban gane komai ba.

A gida na miƙa wa ɗiyata ba tare da na dubi idonta ba. Na ce akwai takarda a ciki, ke da kike karatu sai ki bi abin da aka rubuta. Abin da ke cina a rai a lokacin daban ne: ina tsoron kada abin ya taɓa budurcinta, kada wata rana a ce ni na jawo. Wannan ma ban iya furtawa ba. Uwata ba ta taɓa yi mini magana a kan jikina ba, ni ma ban san ta inda ake farawa ba.

Sun tafi ranar Juma'a da sassafe, suka dawo Asabar da yamma. Ta shigo da murmushi, ta ce ta zo ta biyu, ta ce ruwan wurin shuɗi ne har ana ganin ƙasansa, amma yana da yaji a ido. Ta ci tuwo kaɗan ta ce ta gaji. Na ɗauka hanya ce, don wanda ya san hanyar nan ya san yadda take karya jiki.

Ranar Lahadi ba ta iya zuwa coci ba. Da na dawo na taɓa goshinta, sai na janye hannu. Ta yi amai sau biyu, ga gudawa. Na ce zazzaɓin sauro ne, na ba ta maganin da ya rage a gida. Na tambaye ta ina ke ciwo, ta ce ko'ina. Na ga tana so ta ƙara wata magana, sai ƙanwarta ta shigo, ta juya fuska bango.

Litinin da hantsi ta miƙe za ta kewaya, sai ta zube a bakin ƙofa. Idanunta sun yi ja, ƙirjinta da cinyoyinta sun yi wani irin ja-ja kamar an watsa mata ruwan zafi. Tana kirana da sunan kakarta. Na tsayar da mai kabu-kabu, muka sa ta a tsakiya, na rungume ta ta baya. Duk ramin da muka faɗa sai kanta ya bugi kafaɗata. Ina ta kiran sunanta, ba ta amsawa.

A asibiti wata nas babba, mai furfura a gefen kunne, ta auna ta, ta sake aunawa, ta kira likita da sauri. Suka ɗaura mata ruwa. Nas ɗin ta ɗaga rigarta ta dubi jan nan, sannan ta juyo gare ni.

"Tana al'ada ne?"

"E, Sista."

"Da me take amfani?"

Sai a lokacin kwalin ya faɗo mini a rai. Na gaya mata. Ta ce in fita in ba su wuri. Na tsaya a baranda na riƙe ƙarfen taga. Ba a ba ni wani aiki ba, ba a aike ni ko'ina ba. Na kira mahaifinta sau bakwai, wayarsa a kashe. Na so in yi addu'a, kalmomin suka ƙi haɗuwa, na fara da Hausa na koma yarenmu na C'lela na sake dawowa.

Da nas ɗin ta fito ta ja ni gefe. Ta ce sun ciro audugar, kuma da alama ta kwana biyu ko fi a ciki. Ƙwayoyin cuta sun taru a kanta, gubarsu ta shiga jini. Ta ce abin ba ya yawan faruwa, amma in ya zo yana kisa da sauri, kuma ba za ta yi mini alkawarin komai ba sai an ga yadda jikinta ya karɓi allurai.

"Ba a barin ta ta wuce awa huɗu zuwa takwas," in ji ta. "In an fito daga ruwa a canja. A wanke hannu kafin a sa. Yarinya irin wannan ƙarama ake ba ta, ba babba ba. Iyo da ita ba laifi ba ne, barin ta a ciki ne matsalar. Ba wanda ya gaya muku?"

Na ce an fara gaya mini.

Kwana uku ba ta san wanda ke kanta ba. Ina jiƙa tsumma ina goge mata jiki, ina kallon ruwan yana ɗiga, in ya ƙare in ruga in kira. Iyakar abin da na iya ke nan. Malamar wasanni ta zo ta zauna ta yi ta kuka, tana cewa ita ma ba ta sani ba. Madam mai kemis ta zo da kunun gyaɗa a fulas, ta ajiye a bakin gado.

A rana ta huɗu ɗiyata ta buɗe ido ta nemi ruwa. Sai bayan mako guda ta ba ni labari, tana kallon silin. Ta ce ta sa ta farko lafiya, ta yi iyo, ta canja. Ta biyun ce zaren ya shige, ta neme shi ta rasa. Bayin masaukinsu ba ƙofa, 'yan mata na jira a layi. Ta ce in ta dawo gida za ta gaya mini.

"To me ya hana ki?"

"Ranar da kika ba ni kwalin ba ki dube ni ba, Mama. Na ɗauka abin kunya na yi."

Na gyara mata filo.

Da muka koma gida fatar tafin hannunta da ƙafarta ta yi ta saɓulewa, gashinta ya zube ta gaba. Likita ya ce kada ta ƙara amfani da irin wannan audugar, don ciwon yakan dawo wa wanda ya taɓa yi. Saƙo ya zo ana kiranta zagaye na gaba, lokacin ko tsakar gida ba ta iya ƙetarewa sai ta dafa bango. Aka tafi da wata.

Bayan wata biyu na miƙe a taron zumuntar mata na ce ina da magana a kan 'ya'yanmu mata. Na fara. Ina kaiwa kan audugar sai wata babbarmu ta ce irin wannan zance ba na ɗakin ibada ba ne, wadda ke da tambaya ta je asibiti. Aka tada waƙa, na zauna.

Da aka tashi ina neman takalmina a bakin ƙofa, wata mata da ban saba da ita ba ta durƙusa kusa da ni kamar ita ma nata take nema. Ta ce tata ɗiyar tana makarantar kwana a Ribah, kuma ta taɓa ganin irin kwalin a jakarta.

"Awa nawa ake barin ta?" ta tambaya a hankali.

Na gaya mata. Ta maimaita sau biyu, ta sa takalminta ta tafi.