Suna na Bakwai a Takardar Kora

Har na yi ritaya ban manta da ranar da Mataimakin Daraktanmu ya zo korar ɗalibai a cibiyar Hayin Banki ba. Ku sababbin malamai nake ba wa labarin, don ku san irin mutanen da za ku yi aiki a ƙarƙashinsu.

Lokacin ni ne malamin ajin manya. Ga wanda bai san tsarin ba, aron aji muke yi a wata firamare idan yara sun tashi. Mu shiga bayan La'asar, mu fita kafin Magariba, Litinin da Laraba da Alhamis. Ɗalibaina sun ɗan haura talatin: direbobi, leburori, masu gadi, masinjoji da mata 'yan kasuwa. Bayan wata tara su zauna jarrabawa, wanda ya ci a ba shi takardar shaida. Ga masinja ko direban ofis, rashin takardar nan ke sa ya tsufa a mataki ɗaya.

Shekarar da ta gabata sakamakonmu bai yi kyau ba. Na rubuta wa ofis shawara biyu: a ƙara aji ranar Asabar da safe, kuma a rubuta wa iyayen gidan ɗalibai su riƙa sallamarsu da wuri ranakun karatu. Takardata ta shiga fayil ta yi kwanciyarta.

Sai Mataimakin Darakta, Alhaji Bala, ya dawo daga wani taron ƙara wa juna sani da sabuwar jaka da sabuwar magana, wai inganta sakamako. Ya tara mu ya bayyana hikimarsa: duk wanda ya yi fashi sau shida a soke sunansa kafin jarrabawa. In an kori masu faɗuwa tun ba su faɗi ba, ai sakamako ya gyaru.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutanen nan ba wasa ke hana su zuwa ba, aiki ne."

Ya ce, "Malam Habu, mai son ilimi shi ke nema masa lokaci. Mu ma da wahala muka yi karatu."

Na san karatun nasa. Hutu aka ba shi na shekara biyu cur, ba ya komai sai zuwa aji.

Ranar wata Laraba ya zo da kansa, har da mai ɗaukar hoto. Ya karɓi takardar da na fitar daga rajista, sunaye goma sha ɗaya, ya shiga karantawa da ƙarfi. Duk wanda aka kira ya miƙe, dattijo da furfurarsa, ya tsaya kamar wanda aka kama da sata. Da ya zo kan na bakwai sai ya cire tabarau.

"Isiyaku Garba, fashi goma sha huɗu. Ina yake?"

Ya bi ajin da kallo.

"Kun gani ko? Yau ma bai zo ba. Irin waɗannan ne ke ja mana baya. Ba su san darajar ilimi ba, sai zaman majalisa."

Sai Iya Talatu, mai sayar da abinci a bakin tasha, wadda ta girmi kowa a ajin, ta gyara mayafinta ta ce, "Alhaji, ai ya zo. Yana waje cikin motarka."

Isiyaku direbansa ne. Shekara huɗu yana tuƙa shi, amma "Direba" kawai Alhaji yake kiransa. Ni na sani tun farko, amma Isiyaku ya roƙe ni kada in faɗa, yana tsoron a ce ya raina aikinsa.

Aka kira shi. Ya rusuna a bakin ƙofa, makullin mota a hannunsa.

"Kai ne Isiyaku Garba?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Me ke hana ka zuwa aji?"

"Ranka ya daɗe, Litinin muna gidan gona. Alhamis kuma nakan jira Hajiya a kasuwa."

Ba da gatse ya faɗa ba. Tambayarsa aka yi, ya ba da amsa. Alhaji ya ɗaga wa mai hoto hannu ya dakata, sannan ya yi tambayar da har yau ke ba ni mamaki: "Wa ya ba ka izinin shiga makaranta?"

Bai jira amsa ba. Ya zare biro ya ja layi a kan sunan, ya ce kuskure aka yi wajen buga takarda, wannan zai zauna jarrabawa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, sauran goman ma iyayen gida gare su."

Ya ce, "Doka doka ce, Malam."

Goman suka tattara littattafansu suka fita. Washegari na sami takardar tuhuma, wai na ɓoye wa shugabana bayani kuma na kasa tsawatar wa aji. Shi kuwa Isiyaku, ko sau ɗaya Alhaji bai sallame shi da wuri ba bayan haka. Litinin gona, Alhamis kasuwa.

Na buɗe zaurena a Kurmin Mashi ranakun Asabar da safe. Isiyaku ya riƙa zuwa, da shida daga cikin waɗanda aka kora. Ya ci jarrabawa da ƙyar. Shidan sai da suka jira wata shekarar na sake yi musu rajista. Sauran huɗun ban ƙara ganinsu ba. Ɗaya mai gadi ne, ya riga ya fara haɗa baƙi yana karanta sunan 'yarsa.

Rahoton ƙarshen shekara ya ce cibiyar Hayin Banki ta samu gagarumin ci gaba. Aka ba Alhaji Bala takardar yabo, ya sa ta a gilashi.

Abin da na koya ke nan. Babba mai aiki ba shi ne mai lokacinsa ba, don haka kafin ku rubuta wa mutum fashi, ku tambayi wa ke riƙe da shi. In kuma kuka ji shugaba na alfahari da yawan waɗanda suka ci, ku ce ya nuna muku rajistar ranar farko.